Kada Ka Ɗaga Kai, Alhaji

A filin golf ɗin da ke bayan GRA ta Maiduguri babu ciyawa, kuma ban taɓa jin wanda ya yi ƙorafi ba. Da'irar nan da ramin yake tsakiyarta, wadda Turawa suka tafi suka bar mata suna girin, wai kore, yashi ne aka tankaɗe aka kwaɓa da baƙin man mota aka daɓe. In ƙwallo ta sauka a kai sai ta bar sawu, tun daga inda ta faɗo har inda ta tsaya, kamar an ja layi da tsinke. Shi ya sa a gefen kowane girin ake ajiye wani bututun ƙarfe mai dogon mariƙi, wanda ake ja a share wurin don na baya ya tarar da yashi sumul. Wannan ƙarfen shara shi ya zama abokin laifin Malam Manasse.

Manasse akawu ne a ma'aikatar ayyuka, mutumin ƙasar Biu, mazaunin unguwar Wulari, kuma dattijo a cocinsu. Irin mutanen nan ne da in suka ce maka hadari ya haɗo, ba ka leƙa sama, shanya kake kwashewa. Abokinsa Alhaji Ba'ana kuwa Babarbare ne ɗan gari, mai fataucin ƙaro da fatu, wanda ya koyi wasan tun yana saurayi a hannun wani Bature da ya yi wa aiki. Shi ya ja Manasse filin, shi ya ba shi tsofaffin sanduna, shi ne kuma yake biyowa Wulari da fijonsa ya ɗauke shi duk ranar wasa. Shekara da shekaru suna tare, har matansu, Ya Aisa da Rhoda, suka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Matsalarsu ɗaya ce, kuma kowa a filin ya san ta. In bugun nesa ne, su biyun ba su da na biyu. Amma da zarar ƙwallo ta zo daf da girin, inda ake bukatar ɗan gajeren bugu mai taushi, sai hannu ya rikice. Ko su tono ƙasa ƙwallon ta yi tsalle ɗaya ta zauna, ko su doke ta a ciki ta wuce ramin kamar an aike ta. Akwai wani ɗan kwangila a filin, Maikuɗi, mai baki kamar reza, shi ya fi kowa jin daɗin abin.

"Ku dai daga nesa zakuna ne," in ji shi, "da kun hango tuta sai ku koma 'yan tsaki."

Duk ƙarshen damina ana gasar 'yan bibbiyu, kuma duk shekara sai su zo na biyu ko na uku, Maikuɗi da abokinsa su ɗauki kofi. A shekarar da nake ba da labari, lokacin da ake bin layi a sayi madara da sabulu, Manasse ya san saura masa damina ɗaya ya yi ritaya ya koma gida noma. Ya so kofin nan. Ba zan yi masa kara ba, ya so shi fiye da yadda ya kamata dattijo ya so kwanon azurfa.

Saboda haka tun zafi bai wuce ba suka yi shawara. Kullum in Alhaji ya sallaci la'asar, za su ɗauki bokitin tsofaffin ƙwallaye su tafi girin ɗin ƙarshen fili, can wajen itatuwan darbejiya inda ba kowa, su yi ta gajeren bugu har rana ta yi sanyi. Manasse ya taɓa zuba ido a kan wani gwani da ya zo daga Jos, ya kwashi abin da ya kwasa, shi ya zama malami.

"Nauyinka a ƙafar gaba, Alhaji. Hannuwanka su riga kan sandar. Kada ka karya wuyan hannu, ba miya kake ɗiba ba. Kuma ka manta da ramin. Zaɓi wurin da za ta sauka, ka bar ta ta gangara da kanta."

Alhaji ya ɗauki duk wannan, sai abu ɗaya ya gagare shi. Kafin sanda ta taɓa ƙwallo ya riga ya ɗaga kai yana neman inda za ta. Ya ɗaga, ya ƙanƙance ido, ya karkata fuska dama, ya karkata hagu, sannan ya tambaya ina ta tsaya. Manasse ya ɗauka ɗoki ne kawai. Sai ya tafi ya tsaya a gindin tuta, ya ɗaga murya.

"Kada ka ɗaga kai, Alhaji. Kai dai buga. Ni ne idonka."

Maganar ta yi wa Alhaji daɗi. Ya maimaita ta da Hausarsa mai nauyin Barbarci, yana dariya, ya ce to daga yau ya ba da idonsa ajiya.

Abin ya fara ne ba da niyya ba, wannan kam gaskiya ce. Wata yamma Alhaji ya yi bugu mai ƙarfi, ƙwallon ta taho a guje za ta wuce, ta bugi takalmin Manasse ta dawo ta kwanta a bakin rami. Manasse ya buɗe baki zai yi dariya ya faɗi abin da ya faru, sai ya ga Alhaji yana nan sunkuye, bai ɗago ba, kamar yaron da aka ce ya rufe ido za a ba shi alewa.

"Ina ta tsaya?"

"Taƙi ɗaya," in ji Manasse. Ai ba ƙarya ya yi ba, taƙi ɗaya ne tsakaninta da ramin.

Alhaji ya taho da sauri, babbar rigarsa a naɗe a kafaɗa. Kafin ya iso, Manasse ya ja ƙarfen shara a kan yashin, yadda aka saba, sawun da ya nuna karon da ta yi da takalmi ya ɓace. Alhaji ya duƙa har ya kusa sa hanci, ya ga ƙwallonsa, ya miƙe fuskarsa tana sheƙi. Ya daɗe bai yi irin wannan murna ba. A hanyar gida har ya tsaya a Bolori ya saya wa Rhoda tsire.

Washegari ƙwallon ta sake tahowa da ƙarfi, wannan karon ƙafar Manasse ce ta je ta same ta. Jibi ma haka. Wadda ta gaza sai ya ɗan tura ta gaba, wadda ta kauce sai ya dawo da ita hanya, ya ja ƙarfe ya share. Ba kowace yake gyarawa ba, yana da wayon barin wasu a kamu biyu ko uku don abin ya yi kama da gaskiya. Yana ce wa kansa ƙarfin gwiwa yake ba wa abokinsa, in zuciya ta yarda hannu zai bi. Amma akwai abin da ya ƙi tsayawa ya duba: ta yaya mutum zai tsaya a fili da rana tsaka, a taɓa ƙwallonsa da ƙafa a gabansa, bai gani ba?

Alamu kuwa ba su ɓuya ba. Alhaji ya fara miƙa masa makullin mota a ƙofar gida, yana cewa gwiwarsa ce ke damunsa. Ya fara tuntuɓe da bokitin da ke gefen ƙafarsa. Wata rana mai gadin fili ya gaishe shi daga hagu, sai da ya juya jikinsa duka kafin ya gane mai magana. Manasse ya ga duk wannan, ya kau da kai.

Ruwan farko ya sauka ke nan, wata Asabar da hantsi, sai ga Ya Aisa a Wulari, ƙamshin turarenta ya riga ta shiga gida. Ta kawo wa Rhoda turaren wuta a kwalba. Aka yi wushe-wushe, gaisuwar Barebari, aka tambayi yara da gajiya, Rhoda ta kawo ruwa. Sannan Ya Aisa ta gyara lafayarta ta juyo wajen Manasse, ya gane ba wajen Rhoda ta zo ba.

"Malam Manasse, maganar idon abokinka ce. Na matsa masa mun je asibitin gari. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a yaye a huta. Hawan jinin ido ne, yana cin gani daga gefe a hankali, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Ya ce mu tafi Kano wajen masu aikin ido, kada mu jima."

"To me Alhaji ya ce?"

"Ya ce likitan yaro ne. Ya ce mutumin da ke tsayawa daga nesa ya ajiye ƙwallo taƙi ɗaya da rami ba makaho ba ne. Ya ce in ban yarda ba in tambaye ka, tun da kai ba ka ƙarya. Mun yi alkawari da shi, in ka ce wasansa ya lalace, gobe ma zai shiga mota. In ka ce lafiya, in bar shi sai bayan gasarku." Ta dube shi kai tsaye. "To na zo. Yana gani a filin nan?"

Ga hanya a buɗe, kalma ɗaya ce. Manasse ya ji ta a bakinsa. Amma in ya faɗe ta, dole ya faɗi abin da ƙafarsa take yi duk yamma, a gaban matarsa, a gaban matar da ta taso takanas saboda an ce shi ba ya ƙarya. Sannan ga kofi. Aikin ido a Kano ba abin kwana biyu ba ne, in Alhaji ya tafi gasar bana ta wuce, ta baɗi kuwa Manasse yana Biu yana noman gyaɗa. Ya ce a ransa 'yan watanni ne kawai, ciwon da ya yi shekaru yana tafiya a hankali ba zai yi gudu a damina ɗaya ba.

"Ya Aisa," ya ce, "ni dai abin da zan ce, hannunsa bai taɓa kyau kamar bana ba. Da an gama gasa ni da kaina zan kai shi Kano."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta ce alhamdulillahi, ta yi masa godiya. Godiyar ta fi zagi ciwo. Bayan ta tafi Rhoda ta tsaya tana kallonsa da kwalbar turare a hannu.

"Baban Phoebe, ido ta tambaye ka, ka ba ta amsar hannu."

"Ke me kika sani a golf?"

"Ban san komai ba," in ji Rhoda, ta shige madafa.

Tun daga ranar bai sake cin tuwo ya ji daɗinsa ba. Ran Lahadi yana zaune a kujerar dattawa, in aka zo maganar shaidar zur sai ya ji kamar da shi ake. Ya yi ta lallashin kansa cewa shaidar zur ita ce wadda ake yi don a cuci mutum, shi kuwa don abokinsa ya ji daɗi ya yi. Lallashin bai kama ba, domin ya san rabin dalilin kofi ne. Ya ji kunyar kansa ƙwarai, amma kunyar ba ta hana shi zuwa fili da la'asar ba.

Sau ɗaya ya gwada komawa kan gaskiya. Wata yamma bayan ruwa, ƙwallon ta wuce ramin ta fita daga girin gaba ɗaya, ya ɗaure ƙafarsa ya bar ta.

"Ta wuce, Alhaji. Da nisa."

Alhaji yana nan a sunkuye. Da ya ɗago, Manasse ya ga abin da bai taɓa gani a fuskar nan ba, tsoro ne tsagwaronsa. Ya kai yatsa ya murza idonsa na hagu, ya ce cikin ƙaramar murya, ko dai Aisa ce da gaskiya. Nan ne ya kamata Manasse ya ce i, Alhaji, da gaskiyarta, tashi mu tafi. Sai ya ce ruwa ne ya sa yashin santsi. Bugu na gaba ya tare ta da ƙafa ya ce taƙi ɗaya, ya ga kafaɗun abokinsa sun sauka, ya ja ƙarfe ya share.

Haka damina ta ƙare.

Ranar gasa fili ya cika, kuma ƙuri'a ta haɗa su tafiya ɗaya da Maikuɗi da abokinsa. A nan babu tsayawa a gindin tuta, babu ƙafa, ƙa'ida ba ta yarda a taɓa yashi kafin kowa ya ga inda ƙwallo ta kwanta ba. A rami na farko Alhaji ya tsaya yadda aka koya masa, nauyi a gaba, hannu a gaba, kai a ƙasa. Tsayuwar kam ta yi kyau. Ya buga, ƙwallon ta bi ta gefen girin ta shige cikin sabara.

"Ina ta tsaya?" ya tambaya, bai ɗago ba.

Maikuɗi ya riga Manasse. "Ta kama hanyar Bama, Alhaji, in ka yi sauri za ka same ta a Konduga."

Aka yi dariya, Alhaji ma ya yi. Ya ce idon jama'a ne, ya kwana biyu bai yi wasa a gaban mutane ba. A rami na biyu ta gaza. A na uku ya tsaya yana nufin wani wuri da ba nan tutar take ba, sai da Manasse ya kama kafaɗarsa ya juya shi. Dariyar ta fara raguwa. Can gaba, suna tafiya zuwa wani girin da ke da kwarin yashi mai zurfi a hagunsa, Alhaji yana magana yana tafiya, ya sa ƙafa a iska. Ya faɗa ciki da gefen jikinsa, hularsa ta yi gefe guda. Kwarin nan ya fi shekara ashirin yana wucewa ta bakinsa.

Maikuɗi ne ya fara dira ciki ya ɗago shi, kuma bai yi masa ba'a ba, wanda a wajen Maikuɗi babban abu ne. Yana kakkaɓe masa riga ya ɗago ido ya dubi Manasse.

"Malam, ba kullum kuke tare ba?"

Manasse ya sunkuya ya ɗauko hular Alhaji. Ba su ƙarasa gasar ba, kuma har yau bai tambayi wanda ya ci ba.

Shi ya tuƙa su Kano kamar yadda ya yi alkawari, Alhaji a gaba, Ya Aisa a baya, hanya mai tsawo, ba su tsaya ba sai a Potiskum don salla. Likitan ya daɗe yana haska fitila. Da ya gama ya ce na hagu ya tafi. Na dama saura ɗan kaɗan a tsakiya, kamar mai leƙe ta hudar makulli, za a yi aiki a gwada riƙe wannan, ba a yi alkawari ba. Ya tambaya yaushe aka fara gaya musu su zo. Ya Aisa ta ce farkon damina. Likitan ya ajiye fitilarsa, ya ce da a lokacin suka zo da akwai abin cetowa da yawa.

"An ce mana yana gani," in ji Ya Aisa. Ba ta dubi Manasse ba, bango ta kalla.

Alhaji kuwa sai ya shiga kare abokinsa. "Ina gani mana, likita. Kwanan nan abin ya sauko min gaba ɗaya. Tambayi wannan, mako biyu da suka wuce taƙi ɗaya nake ajiye ta." Likitan bai san zancen da ake ba, ya gyaɗa kai ya ci gaba da rubutu. Manasse ya fita waje ya tsaya a gindin wata bishiya.

Aikin bai riƙe komai ba. Kafin sanyi ya shigo sosai, hudar makullin ma ta toshe, sai haske da duhu kawai. Manasse yana zuwa gidan kullum bayan aiki. Ya Aisa tana amsa gaisuwarsa, tana aiko masa da shayi, ba ta taɓa ce masa kanzil a kan maganar ba, sai dai ta daina zama in ya shigo. Alhaji yana zaune a kan darduma a zaure da carbi, yana karɓar 'yan dubiya da haƙuri irin na mutanen da, yana cewa Mai abu ya karɓi abinsa. Amma duk wanda ya zauna sai ya ba shi labarin daminar nan.

"Ko ba komai, kafin ido ya tafi hannu ya koya. Da ba don wannan ƙaddara ba, da Maikuɗi ya sha mamaki. Ko ba haka ba, Manasse?"

Manasse ya kan ce uhm, ya ajiye kofin shayin.

Wata Laraba, Alhaji ya idar da la'asar ya ce a ɗauko masa sandarsa mai kwantaccen baki. Ya ce tun da dama ba ya ɗaga kai, ai makanta ba za ta hana shi gajeren bugu ba. Manasse ya nemi hanzari ya rasa. Ya tuƙa su zuwa girin ɗin wajen darbejiya, ya tsayar da Alhaji, ya ajiye masa ƙwallo, ya sa kan sandar a bayanta. Sannan ya je gindin tuta ya ƙwanƙwasa ƙarfenta don ya ji inda take.

Alhaji ya karkata nauyinsa gaba, ya buga. Sautin ya fita tsaf. Ƙwallon ta sauka a tsakiyar girin ta taho da gudu, kuma Manasse ya ji ƙafarsa ta dama ta ɗaga da kanta, don ta saba. Ya mayar da ita ƙasa. Ƙwallon ta wuce ta gefen takalminsa, ta bar ramin a baya, ta ratsa sauran yashin ta tsaya can a bakin da'irar.

"Ina ta tsaya?"

Ƙarfen shara yana nan jingine inda yake kullum. Manasse ya dube shi, ya bar shi a wurin. Ya tako ya kama hannun abokinsa.

"Zo ka taɓa da kanka, Alhaji."

Ya kai shi inda ta sauka, suka durƙusa tare, tsofaffi biyu a kan baƙin yashi. Ya ɗora yatsun Alhaji a kan ɗan gurbin da ta yi, sannan a kan siririn layin da ya fita daga ciki. Alhaji ya bi layin da yatsa, yana jan gwiwa. Ya zo daidai ramin, Manasse ya ɗora masa ɗaya hannun a bakinsa don ya san ga shi. Layin bai tsaya ba. Alhaji ya ci gaba da binsa, yana rarrafe, har yatsansa ya ci karo da ƙwallon. Ya ɗauke ta ya riƙe.

"Wannan bugun," ya ce a hankali, "a hannuna daidai yake da waɗancan. Haka nake jin su duka."

"Haka ne, Alhaji."

Ya sake shafa yashin da tafinsa. "Duk daminar nan ban taɓa isowa na tarar da sawun ƙwallona ba. Kullum a share."

"Haka ne."

"Ranar da Aisa ta je gidanka fa?"

"Har ranar. Na riga na fara tun kafin ta zo."

Manasse ya jira. Ya so a zage shi, ya so a ɗaga sandar nan a sauke masa a ka, da ya fi masa sauƙi. Alhaji ya goge yatsunsa a gaban farar rigarsa, baƙin mai ya yi mata layi-layi, bai sani ba.

"Da ka ce min ta wuce," ya ce, "da na ji haushinka kwana biyu."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya dogara sandar ya miƙe da kansa, ya ce magariba ta kusa, a kai shi gida. Ya miƙa hannu yana neman kafaɗa, ya miƙa shi gefen da ba kowa. Manasse ya zagaya ya shigar da kafaɗarsa ƙarƙashin hannun, hawaye na zubo masa, yana godiya da ba a ganinsa, yana kuma jin kunyar wannan godiyar.

Suka kama hanyar mota a hankali. Da suka kusa kwarin yashin da ke kan hanya, Manasse ya rage tafiya.

"Akwai kwari a damanka, Alhaji. Nan gaba kuma ƙasa lafiya lau, taka."

Alhaji ya tsaya. Hannunsa yana kan kafaɗar Manasse, bai ɗauke ba. Amma sai da ya miƙa sandar golf ɗin gabansa, ya daddoki ƙasar, ya ji da kansa, sannan ya taka.